Rasit a Aljihu, Kansila a Nesa: Bahaushe da Ƙaramar Hukuma a Fatakwal, Anacha da Inugu

Can wajen ƙarshen kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 akwai wani shafi da ba kasafai 'yan siyasa ke tunawa da shi ba, wato Jadawali na Huɗu. A nan aka jera ayyukan ƙaramar hukuma ɗaya bayan ɗaya: ba da lasin keke da baro da amalanke da kwalekwale, gina mayanka da kasuwa da tashar mota da bandakin jama'a, kula da maƙabarta, kwashe shara da gyaran lambatu, sa ido kan shaguna da tireda da wuraren sayar da abinci, raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Wanda ya san zaman Hausawa a gabashin ƙasar nan, in ya karanta jerin, sai ya ɗauka a bakin gadar Anacha marubucin ya kafa kujera yana kallon yadda 'yan Arewa ke neman abinci. Mai tura baro yana ciki, mahauci yana ciki, mai tireda da mai shayi da mai tsire duk suna ciki.

Saboda haka da wuya a samu wani baƙo a waɗannan garuruwa da hukumar ƙasa-ƙasa ta shiga rayuwarsa kamar Bahaushe. Sai dai yawanci ta ƙofa ɗaya take shigowa, ƙofar karɓa. Ya san mai yankan rasit da fuska, ya san ranar da yake zuwa, ya san launin rigarsa. Amma a tambaye shi sunan mazaɓar da yake kwana a ciki, ko wane ne kansilanta, sai ya yi dariya ya ce a tambayi Sarkin Hausawa.

Tsarin kansa ba shi da wuyar ganewa. Najeriya na da ƙananan hukumomi 774, kowace kuma an yanka ta mazaɓu, daga goma zuwa ashirin, waɗanda jimlarsu a lissafin hukumar zaɓe ta INEC ta kai 8,809. Kowace mazaɓa tana tura kansila guda zuwa majalisar ƙaramar hukuma, shugaba kuma, wanda kowa ke kira ciyaman, jama'ar ƙaramar hukumar duka ke zaɓensa. Jihar Ribas na da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 319, Anambra 21 da 326, Inugu 17 da 260. Don a samu abin aunawa, Kano na da 44 da mazaɓu 484.

Inda abin ke rikita baƙo shi ne, birnin da yake gani guda ɗaya ne a ido, a takarda an raba shi. Fatakwal ƙananan hukumomi biyu ne manya: ta Birnin Fatakwal mai mazaɓu 20, wadda ta haɗa tsohon gari da Diobu da su Mile 1, da kuma Obio/Akpor mai 17, wadda ta kwashe yawancin sababbin unguwanni har zuwa Iriebe inda manyan motocin Arewa ke sauke kaya. Gaba kaɗan a hanyar Aba an shiga Oyigbo, wata ƙaramar hukumar dabam. Inugu uku ce: ta Arewa, ta Kudu da ta Gabas. Owerri Road da ke Asata, inda 'yan canji suke kuma Ibo ke kira Ama Hausa, tana Inugu ta Arewa, Garki na Awkunanaw kuwa tana ta Kudu. Anacha ta fi kowa tarwatsewa. Akwai Anacha ta Arewa mai mazaɓu 15 da ta Kudu mai 17, wadda ta haɗa Fegge da Odoakpu da bakin gada, amma gari ya daɗe da tsallake iyakarsu: Okpoko tana Ogbaru, Nkpor da Obosi suna Idemili ta Arewa. Ɗan dako zai iya ɗaukar buhun albasa a wata ƙaramar hukuma ya sauke a wata, ya koma ya kwana a ta uku, ƙafarsa ba ta bar kan kwalta ba.

Masu shanu sun fi kowa sanin ma'anar iyaka. A kan hanyar Inugu zuwa Anacha, Garkin Ugwuoba tana ƙaramar hukumar Oji River ta Jihar Inugu, kasuwar shanun Amansea kuma tana Awka ta Arewa a Jihar Anambra. Maƙwabtan juna ne, amma jiha biyu, majalisa biyu, rasit iri biyu.

Yadda aka faro

Zaman Hausawa a wannan yanki ya girmi birane biyu daga cikin ukun. Tun ƙarshen ƙarni na 19 maharban giwa daga Arewa suka yada zango a Elele, ƙasar Ikwerre, alhali Fatakwal sai a 1912 Turawa suka fara sare dajin da za a gina ta, don samun tashar jirgin ruwa da za ta fitar da kwal ɗin da aka gano a tsaunukan Udi a 1909. Layin dogo ya haɗa Fatakwal da Inugu a 1916, daga baya ya miƙe Arewa, shanu da goro da mutane suka biyo shi. Anacha kuwa tsohon gari ne mai sarautarsa, kuma kogin Kwara ya daɗe yana kawo mata Nufawa da Hausawa. Sunayen titunan da ke kewaye da babbar kasuwa, su Bida Road da Sokoto Road, shaida ne.

A fagen mulkin ƙasa-ƙasa, Gabas ta bi hanya dabam da Arewa. Gwamna Lugga ya tarar da sarakuna da hakimai da dagatai a ƙasar Hausa ya ɗora En'e a kansu. A ƙasar Ibo bai tarar da irin wannan tsani ba, sai Turawa suka naɗa wasu mutane suka ba su takardar sarauta, lamarin da ya ƙare da boren matan Aba na 1929. Wannan darasi ne ya sa a 1950 Jihar Gabas ta riga kowa kafa dokar majalisun ƙananan hukumomi na zaɓe, irin na Ingila. Kuma a ƙarƙashin wannan tsari ne aka yi abin da har yau ake ba da labarinsa: da Inugu ta samu matsayin birni mai magajin gari a 1956, wanda ya fara hawa kujerar shi ne Malam Umaru Altine, Bafillace mai fataucin shanu daga lardin Sakkwato, jigo a reshen matasan jam'iyyar NCNC ta Nnamdi Azikiwe. Ba naɗa shi aka yi don a faranta wa baƙi rai ba. Cikin siyasar garin ya kutsa, ya yi gwagwarmaya a jam'iyya, ya samu goyon bayan mutanen da yawancinsu ba yarensa suke ji ba. Ana yawan kawo sunansa don a yi kukan zumuncin da ya ɓace, amma abin lura a tarihinsa shi ne mazaunin gari ne mai ƙuri'a a garin, kuma a lokacin zama a birni ya isa hujjar neman kujera.

Rikicin 1966 da yaƙin basasa sun watse unguwannin Hausawa a Gabas, sai bayan 1970 aka dawo da kaɗan-kaɗan. A 1976 gwamnatin soja ta yi wa ƙasar duka tsarin ƙananan hukumomi iri ɗaya, guda 301, aka yi ta ƙari har suka kai adadin yau a 1996.

Sarkin Hausawa, hukumar da babu ita a takarda

Mutumin Bichi ko Illela ya taso ya san tsani: mai unguwa, dagaci, hakimi, sarki, ga kuma ciyaman da kansila a gefe. In ɗansa na neman takarda, mai unguwa ne zai fara sa hannu don ya san gidansu. A Inugu ko Anacha akwai makamancin wannan tsani, amma na 'yan gari ne: dangi, ƙauye, ƙungiyar gari mai shugabanta, sannan Igwe ko Obi, kamar Obin Anacha Nnaemeka Achebe da ke kan gado tun 2002. A Fatakwal unguwannin Ikwerre na da sarakunansu da kwamitocin raya gari da ƙungiyoyin matasa. Duk ta jini ake shiga. Baƙo, ko Bahaushe ne ko Ibo ɗan wata jiha, ba shi da matakin da zai taka.

Sai Hausawa suka yi abin da suka saba yi a kowane zango daga Kumasi zuwa Yawunde, suka kafa nasu. Akwai Sarkin Hausawa, akwai Sarkin Fawa, akwai shugabannin 'yan albasa da 'yan tumatir da 'yan doya da 'yan canji, akwai liman. Sabon zuwa wurinsu yake sauka. In an kama yaro, su ke zuwa caji ofis beli. In mutum ya rasu ba dangi, su ke haɗa kuɗin likkafani. In rigima ta tashi tsakanin mai shanu da mai gona, ko tsakanin ɗan tireda da mai gida, su ake kira. Ma'aikatan allurar rigakafi sun daɗe da gane cewa in ana son a buɗe musu ƙofa a unguwar Hausawa, sai an bi ta fadar Sarki da masallaci. Jami'an tsaro ma haka, duk lokacin da wata fitina ta ɓarke a Arewa ana tsoron ramuwa.

Wannan tsari ya ceci rayuka, kuma ya yi aikin da ya kamata kansila ya yi. Amma yana da iyaka, kuma ya kamata a faɗe ta. Sarkin Hausawa ba shi da kasafi, ba ya zama a majalisar da ake raba ayyuka, ba kuma zaɓensa ake yi bayan shekaru ba. Ikonsa na roƙo ne. Yana iya sa a sassauta haraji, ba ya iya sa a haƙa rijiyar burtsatse. Wani lokaci ma kasancewarsa kan ba hukuma sauƙi: an gana da Sarki, an ɗauki hoto, an ce an ji ta bakin 'yan Arewa, shi ke nan. Ga kuma rigimar sarautar kanta, wadda kan raba unguwa gida biyu, kowane ɓangare da ɗan siyasar da ke ɗaure masa gindi.

Wa ke karɓa, wa ke aiki

Dokar haraji ta 1998 ta fayyace abin da ƙaramar hukuma za ta karɓa: kuɗin shago da tireda, kuɗin mayanka, kuɗin rumfar kasuwa, kuɗin tasha, kuɗin baro da keke, harajin gidaje, da jangali wanda dokar ta ce mai kiwo kaɗai zai biya. Ta kuma hana kafa shinge a hanya don karɓar haraji. Direban da ya ɗauko shanu daga Mubi ko Potiskum zuwa Fatakwal zai yi murmushi in aka karanta masa wannan sashe. Yawan shingaye da karɓe-karɓe na cikin koke-koken da haɗaɗɗiyar ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta gabatar lokacin da ta tsayar da kai kaya Kudu a ƙarshen Fabrairun 2021, har farashin tumatir da nama ya tashi cikin 'yan kwanaki. A cikin gari kuma, ƙananan hukumomi da dama kan ba 'yan kwangila karɓar haraji, su kuma su ɗauki matasa majiya ƙarfi. Mai tireda ba shi da hanyar bambance rasit ɗin hukuma da na ƙungiya da na wanda ya buga nasa a shagon kwamfuta, don haka yakan biya duka.

Ayyukan da kuɗin ya kamata su yi kuwa, da yawansu sun bar hannun ƙaramar hukuma tuntuni. Shara a biranen uku hukumomin jiha ke kwashewa kuma su ke karɓar kuɗinta: RIWAMA a Ribas, ASWAMA a Anambra, ESWAMA a Inugu. A Inugu, izinin gini da rushe rumfuna na hannun hukumar raya babban birnin jiha. A Ribas, gwamnatin Nyesom Wike ta kafa dokar hana talla a titi da haramtattun kasuwanni da tashoshi a 2019, da rundunar da ke aiwatar da ita, kuma gwamnatin jihar ce ta rufe babbar mayankar Trans-Amadi a 2021, inda mahauta da masu dabbobi 'yan Arewa suka shekara da shekaru suna aiki. Haka aka yi a Lokpanta ta Jihar Abiya, kan hanyar Inugu zuwa Fatakwal, inda a 2023 Gwamna Alex Otti ya ce kasuwar shanu ta zama ta yini, a daina kwana a ciki. Ko mutum ya goyi bayan waɗannan matakai ko ya ƙi, abu guda ya fito fili: ranar da za a yanke hukunci kan kasuwa ko mayanka, abubuwan da tsarin mulki ya rubuta da sunan ƙaramar hukuma, daga gidan gwamnati umarni ke fitowa.

Batun maƙabarta ya fi taɓa Bahaushe fiye da maƙwabcinsa. Ibo in ya rasu a birni, galibi ƙauyensu ake kai shi, ko da bayan makonni ne. Musulmi kuwa a ranar ake son a binne shi, a inda ya cika. Maƙabarta na cikin jerin ayyukan ƙaramar hukuma, amma dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna. Jama'a kan tsinci kansu tsakanin ofis biyu, sau da yawa kuma su ƙare da yin karo-karo.

Inda mazaɓa ta fi yin ma'ana ga talaka shi ne lafiya. Tun farkon shekarun 2000 aka mayar da ita ma'aunin kiwon lafiya matakin farko, kuma dokar lafiya ta 2014 ta ware asusun da burinsa shi ne a samu aƙalla asibitin sha-ka-tafi guda mai aiki a kowace mazaɓa, da kwamitin mutanen unguwa da ke sa ido a kansa. Awon ciki, rigakafin yara da rajistar haihuwa, wadda a aikace hukumar ƙidaya ta ƙasa ke ba da takardarta, duk a nan ake samunsu, kuma ba a tambayar mace asalinta kafin a duba ta. Makarantar firamare ta gwamnati ma haka take, ɗan kowa na da damar shiga. Kujerar kwamitin asibitin ta fi sauƙin samu fiye da ta kansila, kuma ita ce ya kamata shugabannin unguwa su fara nema, musamman a samu mace a ciki, don matar da ba ta jin Ibo ko Turancin buroka ta samu mai yi mata magana.

Takarda guda ce ƙaramar hukuma ke riƙe da ita gam, ba ta sakar wa jiha ba: shaidar asali, wadda ake kira indijin. Yaron da aka haifa a Asata, ubansa ma a Asata, yana jin Ibo kamar ruwa, in ya tashi shiga soja ko jami'a ko aikin gwamnatin tarayya sai an ce ya kawo ta. Tsarin mulki ya ɗaure zama ɗan jiha da kasancewar iyaye ko kakanni 'yan wata al'umma ta asalin wurin, don haka sakatariyar da ya girma a bayanta ba za ta ba shi ba. Sai ya hau mota zuwa garin kakansa, ya nemi wani kawu ya kai shi wurin mai unguwar da bai taɓa ganinsa ba. Ƙungiyar Human Rights Watch ta yi rahoto kan wannan matsala tun 2006. Kuma kada mai karatu a Kano ya yi saurin jin haushi: ɗan Ibo da aka haifa a Sabon Gari, ƙaramar hukumar Fagge, irin wannan tafiya yake yi zuwa Nnewi ko Orlu.

Kuɗi da ƙuri'a

Ƙananan hukumomi na da kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya, amma shekara da shekaru kuɗin na bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, gwamna ya ba ciyaman abin da ya ga dama. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan su kai tsaye, ta kuma haramta mulkin kantomomi. Nan da nan jihohi suka ruga zaɓe. Inugu ta yi nata a 21 ga Satumba, PDP ta kwashe duka 17. Anambra ta yi a 28 ga Satumba, karo na farko tun Janairun 2014, APGA ta kwashe duka 21, bayan haka kuma Gwamna Charles Soludo ya sa hannu kan dokar da ta wajabta wa ƙananan hukumomi zuba wani kaso a asusun da jiha ke kula da shi. A Ribas abin ya fi muni. Zaɓen 5 ga Oktoba ya faɗa tsakiyar faɗan Gwamna Siminalayi Fubara da Wike, aka ƙona sakatariyoyi a Ikwerre da Eleme da Emohua, Kotun Ƙoli ta soke zaɓen a Fabrairun 2025, aka kafa dokar ta-ɓaci a Maris, sai a 30 ga Agusta aka sake wani. Duk tsawon wannan lokaci mai baro bai daina sayen tikiti ba.

Wanda ya ga irin wannan sakamako yana da uzurin cewa zaɓen ƙaramar hukuma naɗi ne da aka sa wa riga. Amma ko naɗin ma lissafi ake yi, kuma a nan Hausawan Gabas ke da nasu laifin. Sashe na 7 na tsarin mulki ya ce duk wanda ya cancanci zaɓe ko tsayawa takarar majalisar jiha, yana da wannan haƙƙi a zaɓen ƙaramar hukuma, babu maganar indijin. Sai dai ɗimbin 'yan ci-rani katinsu na can gida. In zaɓe ya matso, motoci cike suke tafiya Arewa, wasu don su zaɓi nasu, wasu don tsoro, kuma tsoron ba na banza ba ne ga wanda ya ga Fabrairun 2006 a Anacha, lokacin da ramuwar rikicin Maiduguri ta sa Hausawa tsallake gada zuwa Asaba, ko tashin hankalin da aka yi a Oyigbo a Oktoban 2020. Sakamakon dai shi ne unguwa cike da mutane, rumfar zaɓe babu su. Jam'iyyar da ke raba tikitin kansila rajistar mazaɓa take dubawa, ba yawan sahun Juma'a ba.

INEC na ba da damar mayar da kati daga wata jiha zuwa wata duk lokacin da aka buɗe rajista, a ofishinta na ƙaramar hukuma ko ta intanet, kuma kyauta ne. Ga ɗan ci-ranin da zai koma gona da faɗuwar damina, wataƙila ba shi da dalilin yi. Ga mahaucin da ya shekara talatin a Fegge ko Diobu, ya aurar da 'ya'ya a can, yana biyan kuɗin rumfa da na shara da na mayanka a can, katinsa ne kaɗai ya rage a Gwadabawa.